Ni da zomon gonar Baffa

Asabar. Ana idar da sallar asuba muka fita ni da Baffa, sanyi kamar me, hazo ya rufe ko'ina. Gonarsa da ke bayan Bichi an gama girbi tuni, sai guntayen karan dawa da 'yan sabara nan da can. Shi tsohon mafarauci ne, da gora da karnuka ya san zomo, har yanzu mamaki yake wai mutum ya taso takanas daga Kano ya ɗauki hoton nama ya tafi ya bar shi.

Shi ya gano min makwancin. Ashe zomon daji ba ya haƙa rami irin na gida, ɗan gurbi kawai yake yi a gindin ciyawa ya lafe, kalarsa sak ta ƙasa, na fi minti biyu ina zare ido ban ga komai ba sai da ya motsa kunne. Baffa ya ce, "Ɗan nan, kar ka nufe shi kai tsaye, idanunsa a gefen kai suke, har na bayansa yana gani. Bi ta gefe kamar wucewa za ka yi." Na bi, daga nan na kwanta rub da ciki ina jan jiki, ƙarangiya ta cika min wando wallahi har yanzu cirewa nake.

Lensi mai jawo nesa kusa ne, mai kaiwa 300mm, a jikin kyamarar, gari bai gama wayewa ba dole na kai ISO, wato ƙarfin ɗaukar haske na kyamara, har 1600. Da farko zalama ta kama ni, so nake fuskarsa ta cika hoton, gashin baki da ido da komai, ina dannawa kuwa ya miƙe kunnuwa sai na datse su a sama, baƙin tsinin nan duk ya fita waje. Zomo babu kunne ai gafiya ce. Na juya kyamarar a tsaye, na ɗan rage zum, na bar masa fili ta inda yake kallo don kar ya zama kamar an haɗa hancinsa da bango.

Can rana ta ɓullo ta bayansa, kai! kunnuwan suka yi jawur, jijiyoyin jinin da yake fitar da zafin jiki ta cikinsu ana ganinsu raɗau. Fokas kuma, wato saitin inda hoto zai fito tar, ya zaɓi lokacin ya kama wani kara da ya gitta gaban idonsa, ina ƙoƙarin matsawa gwiwar hannuna ta danne busasshen ganye, shi ke nan, ya zabura yana kwana-kwana sai ƙura.

Hoto 64, uku ne na kirki. Wanda ya fi shiga raina ma ba na kusan ba ne, wanda zomon ya fito ɗan ƙarami a ƙasan hoton ta hagu ne, karare da hazo sun cika sauran. Na nuna wa Baffa, ya kai wayar... au kyamarar kusa da ido ya daɗe yana kallo, ya ce "Wannan ya yi ƙiba fa."