Abin da bashin "kyauta" ya koya mini a CSI

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin magani. Kafin nan ina so in bar wa ƙannena masu shigowa aikin a CSI (ƙananan asibitocin gwamnati na matakin farko) a jihar Damagaram abin da ba a koya mana a makaranta ba.

Tun 2005 fiɗar haihuwa ta zama kyauta a Nijar, a 2006 aka ƙara yara 'yan ƙasa da shekara 5, awon ciki da tazarar haihuwa. Doka ce mai kyau, kuma duk wanda ya ga yadda mata suka riƙa kawo yara tun ciwo bai yi nisa ba, ba zai zage ta ba. Sai dai an ɗora ta ne a kan tsarin da ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, inda likita ke sayen magani da kuɗin da marasa lafiya suka biya. Kuɗi ya shiga asusu, COGES (kwamitin jama'a mai kula da asusun) ya sa hannu, a sayo magani, kuɗi ya sake dawowa. Da aka cire yara da masu ciki, waɗanda su ne suka fi cika benci, gwamnati ta ɗauki biya a madadinsu. Farashin da aka tsayar a farko sefa 500 ne kan kowane yaro a CSI, 1,000 kan awon ciki. Wato mu ba da magani yau, mu rubuta bashi, mu jira.

Kuskurenmu mafi ciwo shi ne ɗaukar takardar bashin nan a matsayin aikin daren ƙarshen wata. Abu kaɗan ke sa a maido ta: adadin yara a rajista bai yi daidai da na rahoton wata ba, an bar gurbin shekaru babu komai, an ƙidaya yaron da ya dawo da ciwo guda a matsayin sabon zuwa, ko babu sa hannun shugaban COGES saboda damina ce yana gona. Wadda aka maido kuwa ƙarshen layi take komawa. A ce CSI ta duba yara 900 a Satumba, sefa 450,000 ke nan suka maƙale a wata guda, kuma a watan da aka fi cin magani. Namu na wata uku ne suka dawo, Yuli zuwa Satumba. Laifin lissafi namu ne, na yarda. Amma babban da ya ajiye su wata biyu a tebur bai gaya mana an ƙi su ba, shi ne ya miƙe a taro ya ce sakacinmu ya kashe ɗakin magani. Ban amsa masa ba ranar, har yanzu kuma maganar ba ta sake ni ba.

Ga yadda ɓarnar ke tafiya. Maganin masassarar cizon sauro da abin gwajinta suna zuwa ta hanyarsu daban, don haka sukan jure. Abin da ke fara ƙarewa shi ne wanda asusu ke saya: amoksisilin, farasitamol na ruwa, safar hannu, ruwan ƙari. Daga nan sai takardar magani. Uwa ta taso a amalanke tun asuba saboda an ce mata kyauta ne, ka miƙa mata takarda, ta kwance haɓar zane ka ga dala 60. Ba za ta je farmasi a gari ba. Wajen mai tebur a kasuwa za ta sayi ƙwaya huɗu, ta ba yaron kwana biyu maimakon biyar, ranar ta shida a dawo da shi ƙirji na faɗawa. Matar ɗan kasuwa da aka ba irin wannan takarda ta aika ɗan kabu-kabu, cikin minti ashirin magani ya zo. Doka guda ce a kansu su biyu.

Shi ya sa na daina jin daɗin sanarwa kawai. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta daga 1 ga Satumba, ta mai da haihuwa kyauta. Na yi murna don talaka ya samu sauƙi, amma duk ragin da aka yi wa majinyaci giɓi ne a asusun likita, kuma wani ne zai cike shi. Aikin gwamnati a nan shi ne ta biya a kan lokaci, ko da kashi-kashi ne, ta kuma fara da CSI na nesa, irin na wajen Tanut da Gure, inda babu farmasin da uwa za ta ruga in namu ya ƙare.

Ku kuwa da ke ƙasa, ku daidaita rajista da takardar bashi kowace Juma'a, kada ku jira ranar 30. Ku riƙe kwafi mai hatimi da kwanan watan da aka karɓa. Ba don shi ba da ban iya wanke kaina ba. Wajen odar magani, kada ku auna bukatar Agusta da cin watan Maris. Ku gyara lissafin kwanakin yankewa ma: in kwalba 200 suka fita a kwana 20 sannan magani ya yanke kwana 10, bukatarku ta wata 300 ce. Wanda ya rubuta 200 ya yi odar wata yankewar da hannunsa.

Sauran gajeru ne. Kuɗin man motar ɗaukar marasa lafiya a tsayar da shi da mai gari da COGES tun rani, ba da ƙarfe biyun dare mace na zubar da jini ba. Yaro mai masassara mai tsanani a ba shi artesunat (maganin masassarar cizon sauro mai tsanani) na farko kafin a tura shi, a rubuta awa a takardar turawa. A auna damtsen duk yaron da ya shigo, domin tamowa na ɓuya bayan zawo.

Kwafin takardun wata uku da aka maido mana suna cikin kwali na biyu a ƙasan kanta, an gyara su an sake aikawa. Na rubuta wa wanda zai gaje ni lambobinsu a bangon rajista, ya ci gaba da tambaya.