Shingen sareti da ya ƙi fita daga kubensa

Ina shekara ta uku a rumfar walda a Tahoua maigidana ya fara sakar mini aiki ni kaɗai. Ƙarshen watan Oktoba ne, an gama yankan hatsi, kowa na rububin kwaso kara da harawa daga gona. Wanda ya zauna a nan yankinmu na Adar ya san wannan gaggawa. Kowace shekara hukuma kan sa ranar sakin gonaki, kuma da zarar ranar ta zo, abin da ka bari a fili ya zama rabon garken da ya fara isowa. Harawar da ka ɗora bisa soro a kaka ita ce za ta riƙe maka tumaki a bazara, lokacin da daji ya zama fako kuma kuɗin dami ɗaya ya ninka.

Ranar Lahadi, ranar da kasuwar Tahoua ke ci, wani dattijo ya tsayar da saretinsa ta jaki a bakin rumfarmu. Daga wani ƙauye yake a kan hanyar Keita, tare da jikansa, yaro ɗan shekara kamar 12. Saretin tsohuwa ce amma lafiyayya, irin waɗanda aka san ACREMA, masana'antar kayan aikin noma, da ƙerawa a nan garin: shimfiɗaɗɗen gado mai tsawon mita 2, tayoyin mota biyu, da hannuwa biyu da ake ɗaurawa bisa akumarin jaki. Abin da yake so shi ne shinge a gefe da gefe da gaba da baya, don harawa ta daina zubewa a hanya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, ka yi mini wanda zan iya cirewa. Saretin nan ita ce ta ruwa, ita ce ta taki, ita ce ta tubali, kuma in mace ta tashi haihuwa cikin dare ita ce motarmu."

Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Na ji maganarsa, amma rabinta na riƙe. Abin da ya zauna a kaina shi ne shinge mai ƙarfi. Na ɗauko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na milimita 40, na yi wa kowane gefe ƙafafu uku da sanduna huɗu a kwance. A jikin gadon saretin kuma na yi kube, wato ɗan gidan ƙarfe da kowace ƙafa za ta shiga. Na naɗe falalen ƙarfe a jikin ƙafar sosai kafin in yi walda, don kada shingen ya yi ko motsi, na kuma toshe gindin kuben don ƙafar ta sami wurin zama. Na shafa fenti shuɗi. Da na girgiza shi da hannu biyu, ko ƙara bai yi ba. Raina ya yi fari ƙwarai, don a lokacin abin da na ɗauka shi ne aikin ƙwararre ba ya girgiza.

Maigida ya zagaya saretin sau ɗaya, ya taɓa kube ɗaya da yatsa, bai ce komai ba. Daga baya na gane ya ga abin da zai faru, ya kuma zaɓi ya bar ni in gani da idona.

Bayan kwana goma sha wani abu dattijon ya dawo, shingen na tsaye a kan saretin. Bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi yi mini nauyi. Ya ce kwana uku ke nan gidansa ana ɗauko ruwa da jarka a ka, saboda tano, wato gangar ruwa, ba ya hawa saretin in shingen na nan, shi kuma shingen ya ƙi fita. Shi da jikansa sun ja, sun buga da dutse, gefe ɗaya ya taso kamar tsawon yatsa ya maƙale a karkace. Ya nuna mini tafin hannun yaron, inda bakin ƙarfe ya yanke shi. Sannan ya kai ni wajen jakin, ya ɗaga akumari. Akwai gyambo a gadon bayansa, ɗanye, ƙudaje na bi.

A ranar maigida ya ajiye nasa aikin, ya zauna da ni muka bi kuskuren ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kuben ne, kuma a kansa muka fi daɗewa. Ƙarfe yana jan jiki idan ya sha zafin walda ya huce, don haka kuben da na naɗe daidai da ƙafa ya ƙara matsewa tun kafin saretin ta bar rumfa. Fenti ya ci ɗan sararin da ya rage. Hanyoyin Adar kuma duwatsu ne da kwazazzabai, gadon sareti yana murɗawa kaɗan a duk tafiya, ƙafafun suna cizon kube. Gindin da na toshe ya zama kwanon tara rairayi da ƙaiƙayi da raɓa, tsatsa ta kama. Ga ƙafafu uku a jere: in biyu ne, ko ɗaya ta ɗan karkace za ka lallaɓa ta fita, amma uku sai sun miƙe tare kamar sahun salla, in ta tsakiya ta kauce da ɗan kaɗan ta kulle sauran. Maigida ya yago kwalin sukari, ya naɗa shi sau biyu a jikin ƙafar ƙarfe, sannan ya naɗa falalen a kan kwalin ya ɗiɗɗiga walda. Kwalin ya ƙone, ya zare ƙafar da yatsu biyu. Ya ce, "Ka ga kaurin kwalin nan? Shi ne aikin. Abin da za a riƙa cirewa sai ka bar masa wurin numfashi." Ya ce in akwai bututu mai girma biyu a hannu ma ba sai an wahala ba, ƙafa ta milimita 30 a cikin kube na milimita 40 tana barin sarari kamar milimita 3 ta kowane ɓangare, kuma ya isa.

Na ce masa ai shingen zai riƙa yin ƙara a hanya. Ya ce in babu kaya zai yi, in an loda harawa ita za ta tura shi waje ta danne shi, kuma manomi bai taɓa dawo da aiki don yana ƙara ba.

Na biyu nauyi ne, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, ni ne ban yi ba. Mita ɗaya na bututun da na sa ya haura kilo 2. Gefe ɗaya ya ci kusan mita 12, wato kilo 27 ko fiye. In aka haɗa gefe biyu da gaba da baya, na ɗora wa jaki kusan kilo 80 na ƙarfe kafin a sa dami ko ɗaya. Harawa ba ta da nauyin da zai buƙaci wannan. Yawa gare ta, tana son abin da zai tare ta ne kawai. Kuma wanda zai ɗaga shingen ba ni ba ne da abokan aikina a rumfa, tsoho ne da yaro, a gona, bayan sun wuni a rana.

Gyambon jakin kuwa daga shingen gaba ya fito. Na yi shi dogo, na karkata shi gaba don ya ɗauki kaya da yawa. Sareti mai taya biyu kamar ma'auni take, duk abin da ya wuce gaban tayoyi bayan jaki yake sauka, abin da ya yi baya da yawa kuma ɗaga jakin yake yi har ƙafafunsa su rasa ƙasa a hawan tudu. Masu sareti sun san wannan tun suna yara, shi ya sa za ka ga mutum ya gama lodi ya kama hannuwan saretin ya ɗan ɗaga, ya ji ko sun yi masa nauyi kaɗan kawai. Ni ban taɓa ɗaure jaki ba a rayuwata, ɗan cikin gari ne, kuma ban tambaya ba. Wannan shi ne ya fi damuna har yau: mutumin yana tsaye a gabana da ilimin shekara arba'in, na auna saretinsa da mita ban auna komai daga bakinsa ba.

Da muka zo sake aikin, maigida ya sa na shimfiɗa wa dattijon tabarma, na kawo shayi, na zauna ina tambaya. A nan na ji abubuwan da babu mai koya maka su a rumfa. Darajar harawar wake a ganyenta take, in ta bushe ganyen kakkaɓewa yake yi, shi ya sa suke ɗaure ta da sassafe tana da sauran raɓa, kuma shi ya sa ba ya son shinge mai faɗin tazara a ƙasa inda dami zai riƙa gogar taya. Kara kuwa dogo ne, a kwance ake jera shi bisa tsawon gado, don haka shingen baya dole ya fita shi kaɗai ba tare da an taɓa na gefe ba. Lungun gidansa bai da faɗi, in shingen ya buɗe sama da yawa zai kankare katangar maƙwabci. Akwai gawo biyu a hanyar gonarsa masu rassa ƙasa-ƙasa. Tsawon da yake so shi ne iyakar inda jikansa zai iya jefa dami daga ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muka yanke tsofaffin kuben duka. Kowane gefe muka raba shi gida biyu, kowane da ƙafa biyu na bututun 30, sandunan kwance kuma na ƙarfen kankare mai milimita 10, wanda mita ɗaya bai kai kilo ɗaya ba. Gindin kube muka bar shi a buɗe don rairayi da ruwa su wuce, muka liƙa ɗan guntun ƙarfe a jikin ƙafa ya zama birki. Muka huda rami don ƙusar da za ta hana shingen tsalle a kan duwatsu, muka ɗaure kowace ƙusa da ƴar sarƙa, don ƙusar da ba a ɗaure ba rairayin gona ne ke cinye ta a satin farko. Na goge duk bakin ƙarfe har ya daina kama tsumma. A ƙarƙashin gado muka sa ƙugiyoyin igiya shida. Shingen gaba muka miƙar da shi, muka rage masa tsawo. Ban yi fenti a ƙafafun ba, baƙin mai na shafa.

Kuɗin ƙarfen farko maigida ya ce a kan rumfa yake, ba a kan dattijon ba. Ni kuma na sayi maganin gyambo daga aljihuna, don hannuna ne ya jawo shi.

Kafin su tafi maigida ya hana ni taɓa saretin. Ya kira yaron ya ce, "Zo nan, ɗan Baba, cire mana." Yaron ya zare ƙusa, ya kama shingen farko ya ɗaga, ya fito da ƴar ƙara. Ya jingina shi a bango ya koma na biyu. Da ya gama duka shida, maigida ya ce ya mayar, amma ya sauya musu wuri, na dama ya koma hagu. Biyar suka shiga. Na shida ya tsaya rabin hanya, sai na ɗauko zarto na durƙusa a gindin kuben, dattijon na riƙe da jakinsa yana jira.