Daga Kumasi: takardar da na manna a bango

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu na gida. Ina gaishe ku daga Aboabo, cikin Kumasi, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko.

Farkon shekara na ɗauki biro na jera littattafai 24, biyu kowane wata, na manna takardar a bango saitin gadona. Ni da na taso a zauren malam, ban ga laifin haka ba. Can ai ba ka tsallake: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, kuma ba ka taɓa na gaba sai malam ya ce ka taɓa. Sai na ɗauka duk karatu haka yake.

Wata biyu na yi ina cika alkawari. A na uku na ci karo da wani tiƙeƙen littafin tarihin fataucin goro, da na saya hannun masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Adum. Kullum in taso daga rumfa a kasuwar Kejetia, motar hayar da ake kira turoturo ta jijjige ni, in yi isha'i, in buɗe shafi na 60. Layi uku, barci. Sati uku ina shafin nan kamar jakin da ya ga rafi. Abin haushin, ko wani littafi ya ba ni sha'awa sai in ji kunyar takardar bango, in haƙura, in koma latsa waya.

Ran nan aka ɗauke wuta, abin da mutanen nan ke kira dumso, ga ruwa yana dukan kwano, ga kewar gida ta taso mini haka kawai. Na jawo jakar nan mai zane daga ƙarƙashin gado. (Kun san sunan da muke kiranta tun korar 'yan Gana daga Najeriya a 1983, a nan dai bakina alaikum.) A ƙasanta na tarar da wani ɗan littafin soyayya da ƙanwata ta cusa mini, bangonsa ya yage, shafi ɗaya har da tabon manja. Da fitilar waya na karance shi tas. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, tun rabi na san wa za ta aura. Amma akwai tsakar gida, akwai kishiya mai habaici, akwai yaro da aka aika sayen ƙuli. Daren nan abin da raina ke nema ke nan.

Littafin goro kuwa sai da lokacinsa ya yi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna da Baba, mai gidan da nake haya. Yana ɓare goro ya ce, "Malam, kakana da jakuna ya zo ƙasar nan, Salaga ya fara sauka." Ya yi ta ba ni labarin ayari da madugu har la'asar. Da dare na buɗe shafin nan na 60, sai ga mutanen Baba suna tafe a ciki: Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante kan hanyar Gwanja ya raunana, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, wasu Kete-Krachi, wasu daga baya nan zangon da nake kwana. Dare huɗu na gama shi.

Ban ce a yi wasa da karatun zaure ba, ko na mai jarrabawa. Wanda ya ce zai karanta fiƙihu yadda ransa ya so, zai yi sallar da ransa ya so. Amma karatun dare, bayan an rufe rumfa, wa zai tambaye ni hadda? Yanzu littattafai huɗu ne a gefen filo, duk a buɗe. In ciniki ya yi kyau, ina iya mai nauyi. In an ci ni bashi, waƙoƙi. Ranar zazzaɓi, sai wanda na riga na sani.

Takardar tana nan a bango, danshi ya nannaɗe gefenta, tara kacal na soke. Idan wani cikinku zai aiko da saƙo ta hannun direbobin da ke zuwa Kumasi, ya haɗo mini da littattafan Hausa. Kada ya tambaye ni wanne, ya zubo abin da hannunsa ya kai.

Wassalam,
ɗan uwanku a Aboabo