Daga Nima zuwa Jos, da fayil ɗin Baba a hannu

Idan za a kai mace aure wata ƙasa, abin da ake ja mata kunne a kai shi ne kewar gida da baƙon abinci. Ni daga Nima ta birnin Akra aka kawo ni Jos, kuma waɗannan biyun ba su wahalar da ni ba. Hausa ce a gida, Hausa ce a kasuwar Farin Gada, ko da yake ina buɗe baki ake gane daga Zangon Gana nake. Gwaten acca ma na saba da shi tun kafin kayan ɗakina su gama zama. Sanyin Disamba ne ya so ya kora ni. Takardun zama kuwa maigidana ya bi su, tunda yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba baƙo ya zauna ba tare da izini ba. Inda na koyi Najeriya da gaske shi ne wajen jinyar surukina.

Baba tsohon samanja ne. Ya je Laberiya cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, a 1990, kuma wannan ne ya fara haɗa mu hira, domin Janar Arnold Quainoo na Gana ne ya fara jagorantar rundunar kafin Joshua Dogonyaro, ɗan Filato, ya karɓa. Duk lokacin da na kai masa shayi sai ya ce, "'Yata, naku ne ya fara, namu ya gyara." Ba na musu da shi. Yana fama da hawan jini da ciwon suga, ga matsalar fitsari irin ta tsofaffin maza. Da dangi suka ji cewa a ɗakin kati na wani asibiti na yi aiki a gida, sai aka miƙo mini wata jakar leda cike da takardunsa, aka ce ai ga mai abin ta zo.

A Akra idan an ce asibitin soja, 37 ake nufi. Turawan Birtaniya suka kafa shi a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yau kuma na kowa ne: mai tallan koko da hafsan soja duk ƙofa ɗaya suke shiga, ƙarƙashin bishiyoyin nan da jemagu suka mayar gida. Inshorar lafiya ma tun dokar 2003 ta zama ta gama-gari, mutum na iya sabunta katinsa da wayar hannu yana zaune a tsakar gida. Ba wai komai ya gyaru ba ne, mu ma muna da kukanmu na rashin gado da rashin magani. Amma da wannan idon na zo, sai na tarar da tsari mai rassa da yawa.

Sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa da asibitocinsa. Manyan na sojan ƙasa da na fi jin sunansu su ne 44 a Kaduna da 68 a Yaba ta Legas. A nan Jos akwai asibitin Runduna ta Uku a barikin Rukuba, wanda aka sa wa sunan Maxwell Khobe, kwamandan da ya yi suna a yaƙin Saliyo. Kuɗin jinya kuma ba asibitin ke riƙe da shi ba, kamfanin inshorar sojoji ne da ake kira DHML, wanda ke kula da masu aiki da iyalansu da waɗanda suka yi ritaya. Fansho daban yake, ofishinsa na Dutsen Alhaji a Abuja. A saman harkar inshora akwai hukumar ƙasa, wadda dokar 2022 ta sauya mata suna daga NHIS zuwa NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. Tsoho ɗaya, ofisoshi huɗu ko biyar, kowanne da rajistarsa.

Wadda ta warware mini wannan ƙulli wata dattijuwa ce 'yar Langtang, matar wani tsohon saje, da muke haɗuwa a benci a asibitin cikin gari inda Baba ya yi rajista. Ta gan ni ina juya takardu sai ta ce, "Amarya, kawo nan. Ke baƙuwa ce ko?" Na ce, "Eh, Mama." Ta ce in daina tambayar ina likita, in fara tambayar ina mai inshora. Gaskiyarta. Asibitin da ka yi rajista ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba, da shi zai duba ka ya ba ka maganin ƙananan cututtuka. Idan abin ya wuce nan, hoton ciki ne ko ganin ƙwararren likita ko tiyata, sai an rubuta takardar turawa, an nemi lambar izini daga kamfanin inshora, sannan a yi aikin a biya daga baya. Ba mugun tsari ba ne, an yi shi don kada a riƙa cin kuɗin aikin da ba a yi ba. Sai dai duk nauyinsa yana kan tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya. A wancan asibitin, ranar da mai teburin ya tafi ta'aziyya, babu wanda ya san yadda ake neman lambar, muka dawo da Baba a keke bai ga kowa ba, ga shi an hana shi karyawa saboda gwajin jini.

Akwai kuma ƙa'idar nan ta ma'aikatan gwamnati, cewa inshora ta ɗauki miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ƙirga kwanukan tuwo a gidan Bahaushe ba.

Abin da na fi yin tunani a kansa shi ne, asibitin soja an gina shi ne don soja mai aiki. Matashi ne, yana da lamba, yana da bataliya, akwai na gaba da shi da zai tambaya in bai dawo ba. Ciwonsa zazzaɓi ne ko karaya ko rauni, a yi magani ya koma bakin aiki. A kan irin wannan mara lafiyar, da'ar soja abin yabo ce. Na shiga asibitin bariki da Baba, na ga tsafta, na ga nas da ke amsa kira, na ga ana fara aiki a kan lokaci, abin da ba kowane asibitin farar hula zai yi alfahari da shi ba, a nan ko a Gana. Amma tsohon soja wani mutum ne daban. Ya bar bariki, wani ya koma ƙauye a Shendam ko Wase, ciwonsa ba ya warkewa sai dai a riƙa lallaɓa shi wata bayan wata har ƙarshen rai. Abin da yake bukata shi ne maganin da ba ya yankewa, da likitan da ya san tarihinsa. Likitan soja kuwa hafsa ne, yau yana nan, gobe takarda ta zo an tura shi Arewa maso Gabas, kuma ba laifinsa ba ne, aikin da ya ɗauka ke nan. Idan ya tafi, fayil ne kaɗai ya san mara lafiya.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana auna ingancin asibiti da sabon gini da na'urar da aka yanke mata kyalle. Na yi aikin kati, na san abin da ɓatan fayil ɗaya ke ci: a maimaita gwajin da aka riga aka biya, a canja wa tsoho maganin hawan jini saboda ba a san wanda ya karɓe shi ba, a ɓata wa likita rabin lokacinsa yana tambayar abin da ke rubuce a wani wuri. A asibitin cikin garin nan an taɓa buɗe wa Baba sabon kati saboda an rubuta sunansa Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata. Da a ce lambar aikinsa ta soja ce ke binsa daga bariki zuwa fansho zuwa duk asibitin da ya shiga, a kwamfuta, da an huta da rabin wahalar. Sojoji sun fi kowa iya bin mutum da lamba, ban ga dalilin da zai sa lambar ta daina aiki ranar da aka tuɓe kaki ba.

Kafin a kai can, na yi abin da zan iya. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na rubuta kowane magani da ƙarfinsa, da awon jini da na suga, da ranar da aka yi, na manna kwafin sakamakon gwaji. Baba ya ce na mayar da shi kurtu. Abokansa na ƙungiyar tsofaffin sojoji, waɗanda ke fita fareti kowace 15 ga Janairu, sun fara aiko da matansu in tsara musu irinsa, ta nan na yi ƙawayen da ba na dangin miji ba, har da na Tudun Wada da Kabong, unguwannin da da farko aka ce mini ba ruwana da su.

Yanzu maganar tiyatar fitsarin ce a gabanmu. Baba ya kafe sai Kaduna, wai a hannun soja ya fara, a hannun soja zai ƙare. Maigidana yana lissafin hanya da masauki da wanda zai yi zaman jinya, ya fi son asibitin koyarwa na Lamingo da ke kusa. Ni dai na ce musu duk inda suka zaɓa, ba za mu ɗaga Baba daga gida ba sai takardar turawa da lambar izini sun shigo hannuna.