Kwarin Lötschental a tsohuwar taswira

Hukumar safiyon ƙasar Suwizalan, swisstopo, ta zuba tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta. Kana jan maɓallin shekara, ƙasar na sauya kama a gabanka. Ni dai kullum wuri guda nake nufa: kwarin Lötschental a jihar Valais, inda ƙauyukan Ferden, Kippel, Wiler da Blatten suka jeru a bakin kogin Lonza.

Taswirar Janar Dufour, wadda aka buga tsakanin 1845 da 1865, ta fi kyau a ido. Da ƙananan zane-zanen tawada aka fitar da inuwar duwatsu, har tsaunin Bietschhorn ya taso daga takarda. Amma in don sanin rayuwar manomi ne, ba ni taswirar Siegfried, wadda ta biyo bayanta, da aka fara fitarwa a 1870. Ita ce ta zo da layukan tsayi, masu nuna tudun ƙasa, tsakanin layi da layi hawan mita 30 a yankin duwatsu. Inda layuka suka matse, gangara ce mai tsanani. Inda suka saki, nan ake noma da yankan ciyawa. Launi ma magana yake yi: ruwan ƙasa inda tsiro ke fita, baƙi kan tsakuwa, shuɗi kan ƙanƙara.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne ɗige-ɗigen baƙi da ke warwatse can saman ƙauyuka. Bukkoki ne da rumbunan ciyawa. Da zafi ya shigo sai a haura da shanu wurare irin su Fafleralp, kafin sanyi a gangaro, kusan yadda Fulani ke tafiya mashekari. Siririn layin da ya haɗa bukka da ƙauye kuwa hanyar ƙafa ce, domin jirgin ƙasa bai iso Goppenstein, a bakin kwarin, ba sai 1913.

Ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙarar Birch, tarin ƙanƙarar da ke kan dutse saman Blatten, ta ɓalle tare da duwatsu, ta binne mafi yawan Blatten, ta toshe Lonza. Da yake an kwashe mazauna kusan 300 tun kwanaki kafin nan, har da ɗaukar saniya da helikwafta, asarar rai ba ta yi yawa ba. Ka koma taswirar Siegfried ka duba kwazazzabin da ke saman ƙauyen. Layukan sun matse har ba ka iya ƙirga su, daga ƙanƙarar har bakin kogi.