Yinin Asabar a Ushafa

Asabar, bayan isha'i.

A Ushafa, wani gari da ke gefen Abuja, na yini yau. Ƙanena zai yi aure bayan Sallah, kuɗin haya a Kubwa kuma ya fi ƙarfinsa, shi ne wani abokin aikinsa ya ce ya gwada can. Muka bi ta Dutsen Alhaji, muka hau hanyar Bwari, kafin hantsi mun isa.

Ni dai abin da na sani game da garin tun ina makaranta bai wuce biyu ba: ƙauyen Gbagyi ne da ke gefen dam ɗin Usuma, kuma nan aka kai shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agustan 2000 ya ga matan da ke ginin tukwane. To, ƙauyen yana nan, amma sai ka nema. Gidajen bulo sun zagaye shi ta ko'ina, ga shagunan siminti, ga masu POS, ga makarantun kuɗi, ga 'yan acaɓa kamar an yi ɓarinsu. Ko'ina ka waiga sai fuloti da aka kafa wa tubali huɗu, mai shi yana jiran kuɗi su zo.

Dillalin da ya zagaya da mu bai rufe baki ba tun da muka haɗu. A faɗarsa, yawancin masu hayan ma'aikata ne da ke sammako zuwa cikin gari, sai waɗanda ke aiki a Bwari, inda hedikwatar JAMB da makarantar horar da lauyoyi suke. Ya ce rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya koro mutane da yawa gefen nan. Na yarda da shi. Tun da aka dawo da gwamnati daga Legas a 1991 ake ta tura mai ƙaramin ƙarfi baya-baya, har ya dangana da gonakin doyar mutane.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan. Daga kan tudu na hango shi shimfiɗe tsakanin duwatsu, gwanin sha'awa. Shi ake tacewa a tura wa Maitama da Asokoro. Amma a layin da muka duba gida, ɗan garuwa ne ke turo kura da jarkoki, matan gidan na leƙowa suna taya ruwan. Ba wanda ya zo nan don dam. Arha ce ta kawo kowa, har ma gidajen duk titi suke fuskanta.

Na tsaya wajen wata dattijuwa mai tukwane. Ba ta da injin juyi, ita ce ke zagaya tukunyar a sunkuye, tana shafa bakinta da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Mama, nawa randar nan?" Ta faɗi kuɗi, ta ƙara da cewa, "'Yata, masu zuba ruwa sun koma roba, yanzu masu shuka fulawa ne ke saye." Na sayi ƙarama.

Gidan da ƙanena ya so ciki da falo ne, da banɗaki a ciki. Da muka zauna muka lissafa kuɗin mota zuwa wurin aikinsa kullum, da na ruwa, sai rarar da yake murna da ita ta kusa ƙarewa. Ya ce wa dillali a ba shi zuwa Laraba, sai ya yi shawara da amarya.