Daga Daura Zuwa Jos A Kan Babur Cikin Hunturu: Zancen Wando

Shekaranjiya muka dawo daga Jos a kan babura, kuma tun saukarmu Daura abokai ke tambayar yadda muka ƙare da sanyi. Rigar sanyi da hular kwano kowa ya san zancensu. Wando ne ba a kulawa da shi, alhali gwiwa da cinya ne a gaba, su iska ke fara duka, su ne kuma ke fara taɓa kwalta idan tsautsayi ya gifta.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Kazaure, hazo ya rufe ko'ina. Akwai lissafin da ya kamata mai babur ya riƙe: idan ma'auni ya nuna digiri 10, kana kuma gudun kilomita 80 a awa, abin da fatarka ke ji bai wuce 4 ko 5 ba. Wandon shadda ko na yadi iska ratsa shi take yi kai tsaye. Jins ma auduga ne, yana shan gumi da raɓa ya riƙe, ya koma yana sanyaya mai shi. Haɗarin bai tsaya a rawar ɗari ba. Ƙafar da ta sandare ba ta taka birkin baya a kan lokaci, ba ta kuma jin giya. Ɗaya daga cikinmu jins biyu ya ɗora, amma da muka tsaya a Kazaure sai da aka riƙe masa babur kafin ya iya sauka.

Saboda shi muka ratse Ƙofar Wambai a Kano, wajen 'yan gwanjo. Wani matashi ya zaro mana wando mai kauri da soso a ciki, ya ce, "Alhaji, wannan na 'yan babur ne na Turai, an buɗe dila yau." Wandon masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ne. Su suka fi yawa a dilolin hunturu, kuma su suka fi yaudarar mutane. Ɗumi kam akwai, amma yadin na sama siriri ne, da ya gogi kwalta zai yage, zafin gogayya ya narkar da shi a kan fata. Ko salansa ya taɓa, huda yake yi nan take.

Yadda ake bambancewa ba wuya. A juya wandon a nemi takardar da ke ɗinke a ciki. Na babur na gaskiya yana ɗauke da ɗan hoton mutum a kan babur, da alamar CE ta cika ƙa'idar Turai, da lambar EN 17092, sai harafin da ke nuna matakin ƙarfinsa. AAA ya fi kowane jure gogayya, amma yana da nauyi da tauri. AA shi ne daidai da doguwar tafiya irin tamu. Mai harafin A na yawon cikin gari ne. B ba shi da kariyar bugu, wato robar da ake cusawa a aljihun gwiwa da kwatangwalo, C kuwa riƙe kariyar kawai yake yi, ba ya jure kwalta. Wannan tsari na 2020 ne, don haka tsofaffin wanduna da yawa ba su da lambar ko da masu kyau ne. A irin waɗannan sai a duba yadi: Cordura, wani yadin roba mai ƙarfi, mai lamba 500D zuwa sama, ko fatar shanu mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, ko jins mai shafin Kevlar, wani zare mai jure gogayya, a mazaunai da cinya da gwiwa. A ja ɗinkin gefe da hannu biyu. Idan layi ɗaya ne kuma haske na leƙowa, a ajiye shi, domin ɗinki ne ke fara buɗewa kafin yadi.

Yaron da ya ga mun san kaya bai ɓata rai ba, ya kai mu rumfar ubangidansa. Dattijon ya fito da guda uku daga ƙasan tebur, ya yanka kuɗin da ya kai na tayoyi biyu sababbi. Muka taya, ya ce albarka, muka ƙara, a ƙarshe ya sallama a wajen rabi. Na yaba da cinikin Kanawa: ba zagi, ba fushi, har ruwa aka kawo mana. A gida da ka ce kaya na da aibi sai mai shi ya ɗauka mutuncinsa ka taɓa.

Abin da ya rage farashin shi ne kariyar gwiwa. Mun zaro ta daga aljihunta muka lanƙwasa, ɗaya ta tsage, ɗaya tana marmashewa. Roba ce, tana tsufa. Mai kyau tana da lambar EN 1621-1 a jikinta, da harafin K idan ta gwiwa ce, H idan ta kwatangwalo ce, sai lamba 1 ko 2. Mai lamba 2 ta fi shanye bugu. Idan akwai alamar T- an gwada ta a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, ba za ta ƙage da asuba ba. Wanduna da yawa na gwanjo aljihun kwatangwalonsu wayam yake zuwa, sai a lissafa kuɗin sayen wata kafin a biya.

Gwaji kuma a zaune ake yi, a kan babur ko a benci da ƙafa a lanƙwashe. A tsaye kariyar kan sauka ƙasa da gwiwa kaɗan, da an zauna ta hau daidai kan ƙoƙon. Ƙafar wandon ta rufe wuyan takalmi, ƙugunsa ya yi tsawo ta baya don kada iska ta shiga tsakaninsa da riga. Kada ya matse, domin iskar da ke tsare tsakanin shafi da shafi ita ce ɗumin, matsi kuma yana rage gudun jini. Kada kuma ya yi burmu-burmu har kariyar ta juya gefe lokacin faɗuwa.

Gaba da Tudun Wada, a wani shinge, wani jami'i ya ga gwiwoyinmu a kumbure ya daka tsawa wai me muka ɓoye. Na ce, "Yallaɓai, kariya ce." Bai saurara ba sai da aka zaro duka aka zube a ƙasa. Bincike haƙƙinsa ne, ban ƙi ba, amma tsawa ga mutumin da ya girme ka ba ta cikin aiki. Dajin Falgore da rana tsaka muka wuce shi, ba mu tsaya ba.

A nan amfanin shafi mai zif ya fito. Da hantsi ya ɗaga zafi ya taso, muka cire shafin ɗumin muka cusa a jaka, muka buɗe zif ɗin iska na cinya. Wanda shafinsa ɗinke yake ya jiƙe da gumi, da yamma gumin ya zame masa sanyi. A can ciki kuma siririn wando na roba ko na ulu ake sawa mai kama jiki, ban da auduga. Ni dai na fi son wandon da ake ɗorawa a kan kayan gida, mai dogon zif daga ƙugu zuwa idon sawu. A Saminaka cikin minti ɗaya na cire shi na yi alwala, sauran suna ta kokawa da takalma. Mai shayin da ke gefen masallacin ya ji daga Daura muke, ya ce, "Baƙin Kusugu ba sa biya a teburina," ya ƙara mana da ƙwai da burodi. Allah ya saka masa da alheri.

Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma tun daga Jingir ake jin bambanci. Sanyinmu busasshe ne mai ƙura, rana na fitowa ya saki. Nasu da la'asar yake dawowa. A kasuwar Katako kayan sanyi sun fi na Kano yawa, amma masu su sun san darajarsu, ba sa sauka sosai. Can muka samu wando mai facin da ba ya narkewa a cikin ƙaurin dama, gefen salansa.

Dawowa ta hanyar da muka je muka biyo, muka kwana Kano. Ƙura ta cushe zif ɗin wanduna har biyu suka ƙi motsi, sai da muka goge su da tsohon buroshin haƙori muka shafa kyandir. Wajen wanki a zare kariyar tukuna, a yi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada a kai wa mai guga.